Ɗinkin da Habibullah Ya Yi wa Taswirorina

Yau ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba, 'yan uwa. Masu turo min saƙo suna cewa, "Afra, ke fa kin cika zafin kai," ku gyara zama. Ku karanta har ƙarshe, sannan ku dawo ku sake faɗa min.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, sunana Afra, 'yar Malam Ahmad ta Fagge, kuma tuƙin jirgin sama nake koyo. Na riga na karɓi lasisin farko, wanda ake tashi garau ana kallon ƙasa. Wanda ya rage min shi ne mai wuyar, wato tuƙi da na'ura. Ki shige cikin gajimare, gabanki fari fat kamar an lulluɓe gilashin da zanin gado, ba ƙasa ba sama, jikinki yana rantse miki cewa jirgin ya karkace alhali a miƙe yake. A wannan lokacin ba ki da kowa sai Allah, sai agogunan da ke gabanki, sai takardar da ke ɗaure a cinyarki. Taswirar sauka muke ce mata. Ita ke gaya miki ta inda za ki ɓullo wa filin jirgi, da lambar rediyon da za ki kama, da iyakar ƙasan da za ki yi kafin ki hango titin sauka. In kin kai iyakar ba ki hango shi ba, sai ki ƙara wuta ki koma sama. Hanyar komawar ma tana jikin takardar.

Taswirorin nan da bayanan filayen jirgi duk suna cikin wani baƙin fayil mai zobban ƙarfe, wanda makaranta ta ba kowannenmu da lambarsa a jiki. Ba a ɗinke shi, kuma da dalili. Duniya ba ta tsaya cik. Yau a kafa dogon ƙarfen sabis kusa da fili, gobe a canza lambar rediyo, jibi a rufe wata hanya. Duk wata sababbin shafuka suke zuwa, ki buɗe zobban, ki cire tsoho, ki saka sabo. Abin da ke raba tsohon shafi da sabo kuwa ɗan ƙaramin kwanan wata ne da aka buga can a gefen takardar.

Na san wata za ta ce ai duk suna cikin kwamfutar hannu. Suna ciki. Amma Kyaftin ɗin da ke yi mana jarrabawa da hannunsa yake kashe ta ana tsakiyar tafiya, ya kalle ki ya ce, "Ta mutu. Sai yaya?" Kuma kafin ya kalli fuskarki fayil ɗinki yake fara dubawa. Ya samu tsohon shafi guda ɗaya, ko ƙofar jirgin ba za ki taɓa ba. Sai zuwansa na gaba, Allah kaɗai ya san yaushe.

Ranar Alhamis jarrabawata. Na zo gida ne in huta, in karɓi addu'ar Baba.

Tsofaffin shafukan da muke cirewa, dokar makaranta a lalata su. To amma a gidanmu ba a zubar da takardar ilimi. Baba ya ƙare aikinsa yana koyar da Larabci, ko guntun jarida ya gani a ƙasa sai ya sunkuya ya ɗauka. Wani hutu da na yi canjin a gida, na kwashi tsofaffin zan tura a murhu, Umma ta fizge su daga hannuna.

"Ke! So kike Babanku ya ganki? Wannan fa karatu ne."

"Umma, karatun da ya mutu ne."

"Karatu ba ya mutuwa a gidan nan."

Tun daga ranar duk wanda na cire sai ta tattara a wata leda ta tura ƙarƙashin gadonta. Na ƙyale ta, don ban ga abin da leda a ƙarƙashin gado za ta yi min ba.

Ranar Asabar na tafi unguwar Kwaciri sunan jaririn da 'yar yayar Umma ta haifa, aka riƙe ni sai Litinin da hantsi na dawo. Ina shiga ɗaki idona ya faɗa kan durowa. Turarukana suna nan, agogona yana nan, tabarau ɗin da muke sawa a wajen koyon tuƙi ya tare mana ganin waje yana nan. Fayil babu.

"Umma! Wa ya shiga ɗakina?"

Tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba, sai wani murmushi take yi ƙasa-ƙasa.

"Ki kwantar da hankalinki, yana hannu nagari."

"Hannun wa?"

"Ke dai ki yi wanka ki sa kaya masu kyau. Habibullah yana nan tafe da la'asar."

Bari in faɗa muku tun yanzu, kar wani ya juya min magana: ba wanda ya haɗa ni da Habibullah. Ni na gani na ce ina so. Ma'aikacin gwamnati ne, ɗan gidan mutunci, mai sanyin murya, irin mazan da in suna magana sai kin matso kin ji. Tun ina ajin farko a makarantar jirgi yake kirana "Kyaftin ɗina". Lokacin da matan layinmu suke zunɗena suna cewa ga direbar sama nan, wa zai auri mace mai wando da hular maza, shi ne ya sa hotona da kayan makaranta a fuskar wayarsa. Kawunnansa sun zo sun nemi izini, an ba su. Sa rana kawai ya rage.

Na saka doguwar rigar atamfa mai ruwan ganye, na yafa mayafi ruwan toka, ko hoda ban shafa ba don hankalina ba ya jikina. Na same shi a falon baƙi cikin shadda ruwan madara, hula ta zauna daram, ƙamshinsa ya cika ɗakin. A kan cinyarsa wani abu ne naɗe cikin takarda mai ƙyalli, har da ɗan zaren ado.

"Kyaftin ɗina," ya ce, yana miƙo min da hannu biyu. "Kyautar kammala karatu. Na riga kowa."

Na warware.

Littafi ne mai kauri, bangonsa jar fata, an buga rubutun zinare a kai: HAJIYA AFRA HABIBULLAH. Gefen takardun an yanke shi sumul, an shafe da ruwan gwal. Wallahi da farko ban gane ba. Sai da na buɗe na ga rubutun fensirina a jikin taswirar farko, inda na zagaye wata lamba na rubuta "kar ki manta".

Na juya shafi. Taswirar filin da za a gwada ni a kansa. Na sake juyawa. Ita ce dai. Na sake. Ita ce. Na kai idona gefen takardar inda kwanan wata yake zama. Babu. Na duba na gaba, babu. An aske gefen gaba ɗaya, da hujojin zobba da kwanan watan da komai, don littafi ya yi kyau.

"Ya kika yi shiru?" ya ce yana dariya. "Ai ni tausayi fayil ɗin nan yake ba ni. Duk ya yi kaca-kaca kamar na akawun kotu. Na ce matata ta fi ƙarfin wannan."

Umma ta shigo da tire, zoɓo da cincin, fuskarta fal fara'a.

"Har da na ledar nan na haɗa masa," ta ce. "Na ce a haɗa duka, kar a bar wasu a baya. Kin ga amfanin ajiya ko?"

'Yan uwa, kun taɓa jin kunnenku ya toshe don ɓacin rai? Na ji muryata tana fita kamar ta wata.

"Habibullah, ka san abin da ka yi kuwa?"

"Na san na sha yawo kafin in samu fatar nan."

"Ka haɗe min matattu da masu rai. Ka yanke abin da zan gane su da shi. Ka ɗinke. Jarrabawata Alhamis!"

"To ai ga su nan duka, ko ɗaya bai ɓata ba. Ki buɗe ki karanta mana."

"Wanne zan karanta? Wanne?"

"Afra!" Umma ta ajiye tiren da ƙarfi. "Zo nan."

Ta ja ni har kicin, ta turo ƙofa.

"Ashe ba ki da kunya? Yaro ya ɗauki ƙafa ya yi miki abin arziki, ki tsaya kina ɗaga masa murya a gidan ubanki? Haka za ki je ki yi a gidansu?"

"Umma, ya lalata min..."

"Ya lalata ko ya gyara? Ni da idona na ga abin, ko littattafan Babanku ba su samu wannan gatan ba. Ki koma ki yi godiya. In takarda ce ki ari ta ƙawarki."

"Kowa da lambarsa, Umma. Kuma ita ma ranar za a gwada ta."

"To ki ba Kyaftin ɗin haƙuri. Shi ba ɗan Adam ba ne?"

Na kalli uwata, matar da ta sayar da sarƙar aurenta ba tare da ta gaya wa kowa ba lokacin da zan tafi makarantar nan, na rasa ta inda zan fara. Na haɗiye. Na saba haɗiyewa. Na haɗiye ranar da wani malami ya ce a gaban aji mata 'yan Arewa ado suke zuwa yi. Na haɗiye ranar da na yi amai a jirgi aka yi sati ana kwaikwayona. Na koma falo na ce, "Na gode, Allah ya saka." Kalmomin suka fita kamar ina tofar da tsakuwa.

Bayan magariba saƙonsa ya shigo.

"Kyaftin ɗina, ban ga murna a fuskarki ba."

Na rubuta: "A ina aka ɗinka?"

"Haba, ana tambayar inda aka yi kyauta?"

"Baƙin fayil ɗin na makaranta ne. Dole in karɓo."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallo. Can ya turo: "Shagon wani Augustine, Sabon Gari, layin masu buga kati. Amma don Allah ki bar zancen nan haka. Takarda ce fa."

Takarda ce fa. Na kife wayar.

Washegari da safe na tari adaidaita sahu, muka kutsa cunkoson Bata, na sauka ƙofar gidan su Uchechi. Ajinmu ɗaya a makarantar jirgi, ɗakinmu ɗaya. A Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu 'yan Fagge kauri, bakinta kuma ba birki. Tana buɗe littafin ta dafe ƙirji.

"Na shiga uku! Afra, wa ya yi miki wannan ta'asar?"

"Masoyi."

"Masoyi? To Allah ya raba mu da maƙiyi." Ta shafa rubutun zinaren. "Hajiya kuma? Yaushe kika sauke farali ban sani ba?"

"Uche, ba wasa ya kawo ni ba."

Ta daina dariya. Ta ɗauko nata fayil ɗin, muka buɗe taswirar filin jarrabawa muka jera da nawa guda uku. Ɗaya ta yi daidai da tata. Biyun tsofaffi ne, na kafin a kafa ƙarfen sabis a kan hanyar sauka. Tsohuwar ta ce ki sauko har ƙafa dubu biyu da ɗari uku. Sabuwar ta ce kar ki kuskura ki yi ƙasa da dubu biyu da ɗari bakwai. A ido kuwa kamar tagwaye.

"Wannan na san ta da ka," na ce. "Sauran fa? Kuma kin san abin da aka fara koya mana."

"Ba a tuƙi da na tuna," ta ƙarasa min. "To mafita ɗaya ce. A farke ɗinkin, mu bi shafi-shafi da nawa, mu ware na banzan, ki rubuta kwanan watan da hannu, mu huda sababbin hujoji. Ki gaya wa Kyaftin gaskiya tun kafin ya tambaya. Ko ya yarda ko ya ƙi, amma da wannan jan abin ko gaisuwarki ba zai amsa ba."

Shagon Oga Augustine ɗan ƙarami ne, sai warin gam da tawada. Katunan biki da kalandun coci da kundayen ɗaliban jami'a sun cika ko'ina. Dattijo ne mai tabarau a kan hanci. Yana ganin littafin a hannuna ya washe baki.

"A'a, amarya ce da kanta! Madam, kin ga aiki ko? Fatar nan ba ko'ina ake samunta ba."

"Aiki ya yi kyau, Oga. Ina baƙin fayil ɗin?"

Ya jawo shi daga ƙarƙashin tebur, wayam, zobban a buɗe kamar bakin da aka cire wa haƙora. Na tambayi gefen takardun da ya yanke, ya ce ai tun jiya masu shara suka kwashe.

"Baba Augustine," in ji Uchechi, "kai da ka tsufa a aikin nan, ka ga takarda mai hujojin zobba, ba ka san cirewa ake ana sakawa ba?"

Ya cire tabaransa, ransa ya ɗan sosu.

"Ke 'yar nan, kar ki ɗora min. Na sani mana. Na gaya wa oga. Na ce, oga, wannan irin fayil ɗin ofis ne, in na ɗinke ba a ƙara cire komai. Na ce akwai ƙananan rubutu a gefe, injin zai cinye. Na tambaye shi, na sake tambaya."

Na matso kusa da teburin.

"Me ya ce?"

Ya kalle ni, ya kalli Uchechi, kamar ya gane ya taka wani abu.

"Faɗi, Oga. Ba ruwanka a ciki."

"Ya ce in ɗinke shi tam. Ya ce madam ta gama da shi, da an ɗaura aure a falo za a ajiye shi don tarihi, ba za ta ƙara buƙatar buɗewa ba." Ya mayar da tabaran. "Har ya tambaye ni inda ake yin akwatin gilashi."

Akwatin gilashi.

Jiya da daddare na yi ta ba shi uzuri a raina. Na ce bai sani ba ne, so ne ya yi masa yawa, namiji ne bai san kan abin ba. Ashe an gaya masa. Ashe ya ji, ya ce a yanka.

Oga Augustine ya ce in kawo ya farke min a take, ba sai na biya ba. Uchechi ta ce, "Ba shi mana, lokaci fa yana tafiya."

"A'a. Ara min wuƙarka dai."

"Afra..."

"Habibullah ne ya ce a ɗinke. A gabansa za a farke."

Dattijon ya girgiza kai, ya miƙo min 'yar siririyar wuƙarsa ta aiki naɗe a takarda. "Ki fara ɓare fatar ta baya, za ki ga zaren. A hankali, madam, kar ki ci takardar."

Na tura wa Habibullah saƙo: "Ka zo bayan la'asar. Magana ce."

Ya amsa: "Da fatan an huce."

Na jefa wayar a jaka.

Uchechi ta biyo ni gida da fayil ɗinta da injin huda takarda a jaka. Umma tana ganin fuskata ta biyo ni ɗaki.

"Me kike shirin yi?"

"Gyara, Umma."

"Afra, ki ji tsoron Allah. An kusa sa rana. Kar ki ja mana abin faɗa a unguwa."

"Ba zan zage shi ba. Tambaya zan yi masa."

Ya zo cikin farar shadda, da ledar tsire a hannu, wai na ban haƙuri. Da ya ga Uchechi zaune a gefen kafet ya ɗan tsuke fuska.

"Ashe da baƙuwa."

"Sannu da zuwa, ango," in ji ta. "Ni 'yar aiki ce, kar ka damu da ni."

Na ajiye jan littafin a kan tebur tsakaninmu. Ban zauna ba.

"Na je wajen Augustine."

"To, kin samo fayil ɗin?"

"Na samo. Na kuma samo labarin akwatin gilashi."

Ya ajiye ledar tsiren a hankali, ya gyara zaman hularsa da ba ta karkace ba.

"Mutumin nan ya cika surutu."

"Ƙarya ya yi?"

"Afra, zauna mu yi magana ta hankali."

"Ƙarya ya yi maka, Habibullah?"

"Bai yi ba." Muryarsa ta canza, sanyin nan ya tafi. "Na faɗa. Kuma me ye laifi a ciki? Na hana ki karatu? Ni na riƙa kai ki tasha. Ki samu lasisinki, mu yi walima, kowa ya san matata ta iya. Amma kina tsammani zan zauna a gida da yara, ke kina Legas yau, gobe Fatakwal? Hajiyata kullum sai ta tambaye ni, na ce mata ki bari ta gama, za ta zauna."

"Ka ce mata zan zauna. Ni ka taɓa tambayata?"

"Na san za ki yi irin wannan haukan ne."

"Shi ya sa ka bi ta bayan gida, ka sa uwata ta miƙa maka da hannunta?"

Na fizgi littafin na buɗe masa taswirorin nan, na danna yatsa a kan lambobin.

"Kalli nan. Kalli nan kuma. Ƙafa ɗari huɗu ne tsakaninsu, kuma a cikin ɗari huɗun nan akwai ƙarfe a tsaye. In na buɗe wannan maimakon wannan ina cikin gajimare, ba gawata za a kawo wa Umma ba, guntayena za a kawo."

"To shi ya sa!" Ya miƙe tsaye, ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba. "Shi ya sa nake so ki daina! Kin san yadda nake ji in hadari ya haɗo kina can? Ranar da aka yi ruwan nan mai iska wayarki a kashe, a bakin titin Ibrahim Taiwo na faka mota na kasa tuƙi. Rayuwarki a rataye a jikin kwanan watan da ko gani ba a yi sai an matso! Wannan ce sana'a?"

Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta taɓa ni. Idonsa ya yi ja, kuma na san ba wasan kwaikwayo yake ba. Da jiya ya zaunar da ni ya faɗi wannan, da wataƙila tare za mu yi kuka. Amma bai faɗa ba. Wajen mai wuƙa ya tafi.

"Da kana tsoron mutuwata," na ce, "da ba ka aske abin da ke tsare ni ba. Tsoronka daban, Habibullah. Tsoron kar in tashi ne."

Na warware wuƙar daga takardarta.

Umma, wadda ashe tana bayan labule, ta faɗo ɗakin tana salati. "Afra! Na haɗa ki da Allah!"

"Takarda zan yanka, Umma. Shi ya ce takarda ce."

Habibullah ya nuna littafin da yatsa.

"Sunana ne a jikin nan. In kika sa masa wuƙa a gaban ƙawarki, ni kika yanka. Ki sani."

Na kife littafin. Na ɓare fatar ta baya kamar yadda dattijon ya ce. Ga zaren nan fari, an ja shi tam. Na tsaya. Wallahi na tsaya, na ba shi dama ya ce ya yi kuskure, ko da da rabin baki ne. Bai ce ba.

Na sa wuƙar. Ɗas. Ɗas. Ɗas.

Takardun suka saki jiki suka zube a kan kafet, bangon ya rage a hannuna fayau. Na miƙa masa.

"Ga sunanka. Ban taɓa shi ba."

Sai muka ji gyaran murya. Baba ne a bakin ƙofa, da carbinsa a hannu, dawowarsa daga masallaci ke nan, kuma daga yanayin fuskarsa ya daɗe a tsaye. Uchechi ta durƙusa ta gaishe shi. Umma ta ja mayafi ta rufe baki. Ya kalli takardun, ya kalli wuƙar, ya kalli Habibullah.

"Habibullah."

"Na'am, Baba." Ya zube ƙasa.

"Ranar da kawunnanka suka zo, a ɗakin nan suka zauna. Na ce musu yarinyar nan jirgi take tuƙawa, kuma aikin da za ta yi ke nan. Suka ce an ji an gani. Kai ka canza daga baya, ko tun ranar aka rufe ni?"

Habibullah ya sunkuyar da kai.

"Tashi ka je. Ka gaya wa kawunka ina son ganinsa ranar Juma'a."

Ya miƙe, bangon fatar a hannunsa, ya fita ko kallona bai yi ba. Ledar tsiren tana nan inda ya ajiye ta. Na ji tashin motarsa, na ji wani abu ya tsinke min a ƙirji, amma na ƙi bari fuskata ta nuna.

Baba ya juyo kaina.

"Ke kuma. A gidana aka koya miki zare wuƙa a gaban baƙo?"

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Ajiye ta."

Na ajiye.

"Tsoron da yaron nan ya faɗa ba ƙarya ba ne. Ni ma ina da irinsa, ban dai taɓa gaya miki ba." Ya ja carbi ɗaya. "Ranar Juma'a kawunsa zai tambaye ni, kuma ba zan amsa da bakinki ba. In ya ce ɗansu ba zai iya ba, sai dai jirgi ko shi, me zan ce musu?"

Na buɗe baki, amsar tana kan harshena da zafinta. Ya ɗaga hannu.

"Ba yanzu ba. Yanzu fushi ne zai amsa, ba ke ba. Ki je ki yi jarrabawarki. In kin sauko lafiya, ki zo ki gaya min."

Ya juya ya shige ciki, Umma ta bi shi tana share ido.

Uchechi ta buɗe fayil ɗinta, ta ciro injin huda takarda ta ajiye a gabana, ta zaro shafin farko daga cikin tulin.

"Karanto min lambar rediyon da ke sama," ta ce a hankali. "In ba ta yi daidai da tawa ba, gefe za ta."

Na ɗauki takardar na kai ta kusa da fuskata. Lambobin suka ƙi tsayawa wuri ɗaya.

"Afra, karanto mana."

"Ba na gani, Uche."

Ta kalle ni, ta zare mayafin kafaɗarta ta miƙo min.

"To goge idon. Takardun nan da yawa."